Ƙasar da Ba Ta Noma Auduga, Ta Yaya Ta Cika Duniya da Riguna?

Wani bawan Allah mai sayar da gwanjo a Ƙofar Wambai ne ya aiko da tambayar. Ya ce duk dilar da ya kwance sai ya tarar da riguna bila adadin da aka rubuta sunan Bangaladesh a wuyansu, alhali shi abin da ya sani game da ƙasar bai wuce labarin ambaliya da kuma leburorinta da ake haɗuwa da su a Makka da Madina ba. Yana son ya ji ina ƙasar take, me take sayarwa, kuma shin auduga ce Allah ya hore musu haka.

Malam, auduga kam ba su da ita. Abin da suke nomawa a gida bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da masaƙunsu ke ci ba, saura duk sayowa suke yi, har ƙasar tana cikin na gaba-gaba wajen sayen auduga a duniya, wasu shekarun ma ita ce ta ɗaya. Abin da Bangaladesh ke sayar wa duniya aikin hannu ne: yanka, ɗinki, guga da ninkewa, cikin arahar da ƙasashe kaɗan ke iya karawa da ita. In kana son ka gane inda hannayen suka fito, sai mu fara da ƙasar kanta.

Faɗinta wajen murabba'in kilomita 148,000 ne, wato kusan jihohin Neja da Borno a haɗe, amma mutanen da ke cikinta sun kai miliyan 170. Indiya ta kewaye ta ta yamma da arewa da gabas, akwai ɗan guntun iyaka da Myanmar a kudu maso gabas, kudu kuma Tekun Bengal ne. Manyan koguna uku ne suka haɗu a cikinta. Ganges, wanda in ya shigo ƙasar sai sunansa ya koma Padma, da Brahmaputra da suke kira Jamuna, sai Meghna. Biyun farko daga duwatsun Himalaya suke tasowa, suna ɗauko laka suna zubewa shekara da shekaru, kuma a kan wannan laka ne mafi yawan ƙasar ke zaune. Shi ya sa take shimfiɗe, ba tudu sai can wajen Chittagong da Sylhet, kuma shi ya sa take da albarkar noma har a wasu wurare a girbe shinkafa sau uku a shekara.

Ruwan da ke ciyar da su shi ne kuma ke korarsu. Daminarsu tana kamawa daga Yuni zuwa wajen Oktoba, kuma ko a shekarar da aka ce an samu sauƙi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar yakan nutse. A 1998 kusan kashi biyu cikin uku ne ruwa ya shanye. Ga guguwar teku: ta 1970 ta hallaka mutane aƙalla 300,000, ta 1991 kuma wajen 138,000. Amma abin da ya fi cin talaka a hankali shi ne zaizayar gaɓar kogi. Mutum na da gonarsa da ya gada, damina ɗaya sai kogin ya karkato ya haɗiye ta tare da gidan, ya wayi gari ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Irin waɗannan, da 'ya'yan manoman da gado ya rarrabe musu gona har ta zama ba ta ciyar da kowa, su ne suke kwararowa Daka, babban birnin ƙasar. Mai masana'anta bai taɓa rasa wanda zai zauna a kan keken ɗinki ba, kuma wanda ya zauna ɗin ya san akwai goma a bakin ƙofa suna jiran kujerarsa. Tushen arahar ke nan, kuma ba abin alfahari ba ne gaba ɗaya.

Saƙa dai ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Zamanin Mughal, sarakunan Musulmi da suka mulki Indiya, Daka ta yi suna da wani lallausan farin yadi mai shara-shara, wanda ake kaɗa zarensa daga wata irin auduga da ke fitowa a gaɓar Meghna, ana kai shi fadojin sarakuna har Turai. Bayan kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya karɓe ikon Bengal, yankin da Bangaladesh ke ciki, daga 1757, sannan masaƙun Lancashire ta Ingila suka fara cika kasuwa da yadin inji mai araha, sana'ar ta durƙushe, birnin ma ya ragu. Abin da ya yi saura shi ne saƙar hannu mai ado da ake kira jamdani, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. Sai dai kada ka ɗauka daga can ne masana'antar yau ta tsiro. Tsakanin masaƙan wancan zamani da telolin yau akwai giɓin fiye da shekara ɗari, kuma abin da ya cike giɓin tsiro ne da ka sani sarai: lalo.

E, lalon miya. Irinsa da wani ɗan'uwansa ne ake shukawa a can a cunkushe don ya miƙe sama, har ya fi mutum tsawo nesa. In ya isa sai a sare, a ɗaure dami-dami, a jiƙa cikin ruwan kududdufi na mako biyu zuwa uku har bawon ya ruɓe, sannan manomi ya shiga ruwa iya ƙugu yana saɓule zaren daga karan, ya wanke, ya shanya a kan gora. Da wannan zare ake saƙa buhun algarara, irin wanda aka yi dalar gyaɗa da shi a Kano. Kusan duk abin da duniya ke amfani da shi daga Bengal yake fitowa. Da aka raba Indiya a 1947, gonakin suka faɗa ɓangaren Pakistan ta Gabas, wato Bangaladesh ta yau, masaƙun kuma suka tsaya a Kalkata, ɓangaren Indiya. Dole aka gina sababbi, ciki har da masaƙar Adamjee a Narayanganj, wadda ta taɓa zama mafi girma irinta a duniya. Lokacin da ƙasar ta ɓalle daga Pakistan a 1971 bayan yaƙin wata tara, wannan zare ne ke kawo mata mafi yawan kuɗin waje. Sai buhun leda ya shigo ya karya masa kasuwa, gwamnati kuma da ta ƙwace masaƙun a 1972 ta kasa riƙe su. An rufe Adamjee a 2002. A tsakiyar shekarun 1970 ƙasar tana cikin halin ni-'yasu: ga ɓarnar yaƙi, ga yunwar 1974, ga hajarta ɗaya tilo tana faɗuwa.

Mafita ta zo ta inda ba a zata ba. A 1974 ƙasashe masu arziki suka kafa wata yarjejeniya da ta ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa mai tasowa za ta iya shigarwa Amurka da Turai, don su kare masaƙunsu daga irin su Koriya ta Kudu da Hong Kong da Taiwan. Koriya ta cinye nata kason, ga masu saye suna jira, ba damar ƙari. Bangaladesh kuwa ba a sa mata iyaka ba, don babu wanda ya ɗauka tana iya ɗinka ko hula. Sai kamfanin Daewoo na Koriya ya haɗa gwiwa da wani tsohon ma'aikacin gwamnati, Noorul Quader, wanda ya kafa kamfanin Desh Garments. A 1979 aka kwashi matasa 130 aka kai su masana'antar Daewoo da ke Busan, suka yi wajen wata shida suna koyon aiki, suka dawo suka fara ɗinki a Chittagong a 1980.

Abin da suka koyo ya wuce taka keke. Sun koyo yadda ake tsara layi, yadda ake lissafin farashin riga tun daga zare har maɓalli, yadda ake magana da mai saye, da kuma cewa ranar da aka ce kaya su hau jirgi ba ta ɗaguwa. Kafin shekara goma, 115 daga cikin 130 ɗin sun bar Desh, kowa ya buɗe nasa kamfanin ko ya je ya riƙe wa wani. A wajen Desh asara ce, a wajen ƙasa kuwa babu jarin da ya kai wannan riba. Ilmin ya bazu kamar wutar daji, tun da buɗe wurin ɗinki ba ya son jari mai nauyi: hawa ɗaya na bene, kekuna ɗari ko ɗari biyu, shi ke nan an fara.

Ga wurin da nake son ka natsu, don nan ne mutane suka fi tsallakewa. Sabon mai masana'anta ba shi da dalar da zai sayo yadi daga waje, kuma in kwastan suka caje shi haraji a kan yadin, rigarsa ta yi tsadar da ba mai saye. A shekarun 1980 gwamnati ta warware duka biyun. Na farko, ta yarda yadin da za a ɗinka a fitar waje ya shigo ba haraji, a ajiye shi a sito na musamman ƙarƙashin idon kwastan, da sharaɗin zai fita a matsayin tufafi. Na biyu kuma ya shafi banki. A ce wani kanti a Jamus ya ba da odar riguna, bankinsa ya aiko da takardar lamuni cewa za a biya da zarar kaya sun hau jirgi. Mai ɗinkin sai ya ɗauki wannan takarda ya kai bankinsa na Daka, bankin ya jingina da ita ya buɗe masa wata takardar lamunin zuwa ga mai sayar da yadi a Sin ko Koriya, biya sai bayan wata uku ko huɗu. Yadi ya iso, a ɗinka, a loda, kuɗin Bajamushe ya shigo, banki ya cire na mai yadi ya miƙa wa mai ɗinki saura. Ka ga mutum ya yi cinikin dubban daloli ba tare da ya fitar da dala ɗaya daga aljihunsa ba, abin da ke wuyansa kawai albashi da haya da wuta. A ganina waɗannan dokoki biyu sun fi duk wani tallafin kuɗi da gwamnatin ta taɓa bayarwa amfani, kuma abin lura shi ne gwamnatoci sun yi ta sauyawa, na soja da na farar hula, ba wadda ta taɓa su.

In ka shiga ɗakin ɗinki a Gazipur ko Ashuliya da ke kusa da Daka, ba za ka ga tela ɗaya ya ɗinka riga daga farko zuwa ƙarshe ba. A ɗakin yanka ana shimfiɗa yadi hawa-hawa, wani lokaci fiye da hawa hamsin, a ɗora takardar zane a sama, a bi da wuƙar lantarki a yanke duka lokaci guda. A ɗaure guntayen, a liƙa musu lamba don kada hannun wannan rini ya haɗu da jikin wancan. A kan layi kuwa wata kafaɗa kawai take haɗawa, ta gaba ta sa wuya, ta gaba hannu, ta gaba kalmasa, kowacce aikinta na daƙiƙoƙi ne, ta maimaita shi sau ɗaruruwa kafin a tashi. A kan allo an rubuta adadin da ake so a fitar kowace awa. A ƙarshen layi mai duba aiki na juya kowace riga ciki da bai, sannan a wuce da ita ta cikin na'urar da ke gano karyayyar allura. Mutane wajen miliyan 4 ke wannan aiki, fiye da rabinsu mata, a ƙasar da kusan kashi 90 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne kuma a da ba a saba ganin mace ta fita aikin albashi ba.

Daga ɗinki ne suka koma baya zuwa kaɗi da saƙa, ba daga gona suka taso ba. Da oda ta yawaita, sai masu kuɗi suka ga ribar kafa masana'antun kaɗa zare da rini a gida, musamman da yake akwai iskar gas ta ƙasar da ta daɗe tana ba su wuta mai araha, ga ruwa ko'ina. Yau yadi mai miƙewa irin na singileti da tishat da suwaita, wanda Narayanganj ta yi fice a kai, mafi yawan zarensa a gida ake kaɗawa. Yadin shat da wando kuwa har yanzu fiye da rabi daga waje yake zuwa, galibi Sin. Wannan shi ne bambancinsu da abin da muka sani a Kaduna da Kano, inda aka fara da manyan masaƙu masu sayar da yadi a kasuwar gida bayan katangar haraji. Su tun ranar farko da kasuwar duniya suka fara gogawa, wanda bai iya cika alkawari ba ya fita.

Audugar da waɗannan injuna ke ci kuwa, kaso mai tsoka daga maƙwabtanmu take tafiya: Benin, Mali, Burkina Faso, Kodebuwa, arewacin Kamaru da Chadi, sai Indiya da Brazil da Amurka da Ostareliya. Bangaladesh ce ma kan gaba cikin masu sayen kayan Benin. Saboda haka ba abin mamaki ba ne auduga ta bar Kwatano cikin dila, a kaɗa ta a ɗinka a Daka, wani ya saya a Landan ya sa na shekara biyu ya bayar sadaka, a sake matse ta cikin wata dilar ta sauka a Kwatanon, ta iso shagonka. Wasu kuma da kake gani sababbi fil, rarar oda ce ko wadda mai saye ya ƙi karɓa, ake sayar wa 'yan kasuwa a kan araha.

Duk wannan hada-hada ta ƙofa ɗaya take bi. Tashar jiragen ruwan Chittagong, a bakin kogin Karnaphuli, ita ke ɗaukar kusan kashi 90 cikin 100 na kayan da ke shiga da fita, kuma hanya guda mai tsawon kilomita wajen 250 ce ta haɗa ta da Daka. Kogin ba shi da zurfin da manyan jirage za su shigo, sai ƙanana su kwashi kwantenoni zuwa Kolombo ko Singafo ko Port Klang a sake lodawa. Wannan na ƙara kwanaki, shi ya sa kantunan da ke son sabon yayi cikin gaggawa sukan kai odarsu Turkiyya ko Maroko, su bar wa Bangaladesh kayan yau da kullum da ba sa tsufa. Ana gina tasha mai zurfi a Matarbari da taimakon Japan don rage wannan matsala.

Da yarjejeniyar kason nan ta ƙare a farkon 2005, masana da yawa sun ce Sin za ta murƙushe su. Abin bai faru ba. Albashi ya yi ta hawa a Sin, Tarayyar Turai kuma tun 2001 ta yafe wa ƙasashe mafiya talauci haraji a kan komai ban da makamai, sannan a 2011 ta sassauta sharaɗin har rigar da aka ɗinka da yadin waje ma ta shiga. Yau tufafi ne fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa, kuɗinsu na kai wa wajen dala biliyan 40 a shekara, kuma Sin kaɗai ke gabanta, sai Biyetnam da ke numfashi a ƙeyarta. Manyan kantuna irin su H&M da Zara da Primark da Walmart duk suna ɗinki a Bangaladesh. Sauran hajoji, fata da takalma da jatan lande da magunguna da buhun algarara, in ka haɗa su duka ba su kama ƙafar tufafi ba. Leburorin da ka gani a Saudiyya su ne ƙafa ta biyu: kuɗin da 'yan ƙasar ke aikowa gida ya haura dala biliyan 20 a shekara, da shi ake cike giɓin mai da abinci da injuna da ake sayowa.

Arahar nan akwai wanda ya biya ta. A Nuwamban 2012 gobara ta kashe aƙalla mutum 112 a masana'antar Tazreen, da yawansu don sun rasa ƙofar fita. Bayan wata biyar, ranar 24 ga Afrilun 2013, benen Rana Plaza mai hawa takwas da ke Savar ya rufta. Tun kwana ɗaya kafin nan an ga bango ya tsage, bankin da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa masu ɗinki komawa sama, har da barazanar hana albashi. Mutum 1,134 suka mutu, wajen 2,500 suka jikkata. Daga nan ne kamfanoni fiye da 200, galibi na Turai, suka sa hannu tare da ƙungiyoyin ƙwadago a kan yarjejeniyar Accord, wadda ta bambanta da alkawuran baya domin ana iya kai wanda ya saɓa gaban shari'a. Injiniyoyi suka bi masana'antu fiye da 1,600 suna duba ginshiƙi da wayar wuta da ƙofa, wanda ya ƙi gyara a yanke masa oda. Gaskiya gine-ginen manyan masana'antu sun gyaru ƙwarai. Inda da sauran rina a kaba shi ne ƙananan wuraren da ake ba su aiki ta bayan fage, waɗanda ba mai leƙa su.

Albashi kuwa tafiyar hawainiya yake yi, kuma kusan kowane ƙari sai an sha hayaƙi mai sa hawaye kafin a same shi. Mafi ƙanƙanta a wata ya tashi daga taka (kuɗin ƙasar) 3,000 a 2010 zuwa 5,300 a 2013, zuwa 8,000 a 2018. A ƙarshen 2023 ma'aikata suka nemi 23,000, aka tsaya a 12,500, wajen dala 113 a lokacin, bayan zanga-zangar da aka rasa rayuka a ciki. Ba zan ɗora laifin a kan masu masana'antu kaɗai ba, ko da yake da yawansu sun zauna a majalisa suna rubuta dokar da ta shafe su. Masu saye ma suna matse farashi har kwabo, kuma da korona ta zo a 2020 suka soke ko suka dakatar da odar wajen dala biliyan 3, wasu ma an riga an ɗinka. Koguna ma sun biya nasu: Buriganga da Turag sukan yi baƙi ƙirin da rani saboda ruwan rini da sauran dattin masana'antu, ruwan ƙarƙashin Daka kuma yana ta yin ƙasa saboda rijiyoyin burtsatse.

Abin da ke hana masu masana'antun barci yanzu nasararsu ce ta jawo shi. A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da Nuwamban 2026 a matsayin lokacin fitar ƙasar daga jerin mafiya talauci, kuma yafiyar harajin Turai a kan wannan jeri take rataye. Turai ta ce za ta ƙara musu shekara uku bayan fitar. In wa'adin ya cika ba su samu wani sabon rangwame ba, rigarsu za ta fara biyan harajin da ya kai kashi 12 cikin 100 a kasuwar da ke ɗaukar kusan rabin kayansu, alhali Biyetnam tana da yarjejeniyar ciniki da Turai tun 2020 wadda ke rage mata nata harajin shekara bayan shekara. Gas ɗin gida ma ya fara ja da baya, tun 2018 suke shigo da na waje da tsada. Sannan mafi yawan abin da suke ɗinkawa na auduga ne, kasuwar duniya kuwa ta karkata zuwa zaren roba irin na kayan wasanni da rigunan sanyi, wanda Sin da Biyetnam suka riga su nisa a kai.